Jinyar Dunduniya a Watan Hunturu

Litinin, 6 ga Janairu

Yau aka koma makaranta zango na biyu, gobe kuma zan je asibiti kan dunduniyar ƙafata ta dama. Na san likita zai tambayi yaushe ciwon ya fara, wane lokaci ya fi tsanani, me ke tayar da shi. Shi ya sa na ɗauko wannan littafi in riƙa rubutawa, kada in je gabansa ina kame-kame.

Tun ƙarshen damina abin ya soma, kuma yana da tsarin da ba ya saɓawa. In na tashi sallar asuba na sauke ƙafa, takun farko sai na dafa bango. Suka ce a can ƙasan dunduniya, ta ɓangaren ciki, wuri guda da zan iya rufewa da babban yatsa. Kafin in gama alwala in isa masallaci ta lafa. Da hantsi har mantawa nake yi. Amma in na zauna ofishin malamai ina duba aikin yara, aka kaɗa ƙararrawa na miƙe, sai ta dawo sabuwa fil. Da yamma kuwa, bayan wuni a tsaye, zogi ne mai nauyi ke bin tafin ƙafar gaba ɗaya.

Shekaruna 47. Ilimin halittu nake koyarwa a sakandare, a tsaye kan siminti daga safe har azahar, da takalmin fade da ƙasansa ya cinye. Tumbi ma ya ɗan leƙo, uwargida ba ta gajiya da tuna mini.

Talata, 7 ga Janairu

Likitan da na fara gani bai ɓata lokaci ba. Ya danna wurin, na janye ƙafa, ya rubuta takarda ya tura ni sashen gashin ƙashi, inda ma'aikata ke ce wa fisiyo. Can na tarar da wata matashiyar likita, sa'ar ƙannena.

"Sannu Malam. Hau gadon nan ka miƙe ƙafar."

Ta kama babban yatsana ta tanƙwara shi sama, sai ga wata jijiya mai faɗi ta ɗaure tamau a tafin ƙafar, tun daga dunduniya har gindin yatsu. Ta bi ta da yatsa zuwa inda ta manne da ƙashi, ta danna. Ban san lokacin da na ce "Wash!" ba.

"Nan ne," in ji ta. "Ƙasusuwa 26 ne a ƙafar mutum, an jera su sun lanƙwasa irin na baka, wannan jijiya kuma ita ce tsirkiyar. Kowane taku nauyinka na jan ta. In jan ya fi ƙarfinta, sai inda ta kama ƙashin dunduniya ya soma tsattsagewa, 'yan tsage da ido ba ya gani. Da dare ƙafa na saki, jijiyar ta takure. Da asuba kai kuma ka ɗora mata jikinka duka lokaci guda."

A katina ta rubuta filanta fashiyaitis. Sannan ta jero tambayoyi: ina da ciwon suga? Ƙafar na mutuwa ko yin yam-yam? Ciwon na tashe ni cikin dare? Akwai kumburi ko zazzaɓi? Na taɓa faɗowa na dira kan dunduniya? Bayana na sandarewa da safe? Duka na ce a'a. Ta ce da ɗaya ya zama e, da magana ta canza, don ba kowane ciwon dunduniya ne wannan ba.

"Hoto fa, Likita?"

"Ba yanzu ba. Labarin da ka bayar da abin da hannuna ya ji sun isa. Kusan mutum ɗaya cikin goma kan gamu da wannan a rayuwarsa, yawanci tsakanin shekara 40 da 60. Takwas zuwa tara cikin goma na warkewa cikin shekara guda, ba tare da wuƙa ba."

"Shekara?"

"Watanni dai, Malam. Ba kwanaki ba."

Kafin in fita ta ɗauki fadena ta naɗe shi biyu, ta murɗa shi, bai yi mata gardama ba. Ta miƙo mini ba ta ce komai ba.

Laraba, 8 ga Janairu

Aikin farko da ta ba ni, a bakin gado ake yin sa, kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Na zauna, na ɗora ƙafar dama kan gwiwar hagu. Na kama yatsun ƙafar daga gindinsu da hannun dama, na ja su baya wajen ƙwauri har na ji tafin ya miƙe. Da babban yatsan hagu na lalubi jijiyar, in tabbatar ta ɗaure. A riƙe daƙiƙa 10, a saki, a sake, har sau 10. Haka sau uku a yini, da kuma duk lokacin da aka daɗe a zaune za a tashi.

Uwargida ta farka ta gan ni a duhu ina jan yatsu.

"Malam, lafiya? An fa kira assalatu."

"Magani nake sha."

"Allah Ya ba da lafiya. Wannan dai bai ci kuɗi ba."

Sukar takun farko na nan, amma ban dafa bango ba.

Da na samu sarari a makaranta na bincika asalin wannan jan yatsu. A 2003 wani likitan ƙashi, Benedict DiGiovanni, da abokan aikinsa a Jami'ar Rochester ta Amurka suka ɗauki mutum 101 da ciwon ya shafe musu aƙalla wata 10. Suka raba su biyu: rabi na miƙar da agara a jikin bango, rabi na jan yatsu a zaune. Bayan mako 8, masu jan yatsu suka fi samun sauƙi, musamman a takun farko na safe. Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da aka tsayar: kafin a taka, ba bayan an taka an ji jiki ba.

Alhamis, 9 ga Janairu

Bayan isha na ɗingisa zuwa teburin mai shayi, sai majalisa ta koma asibiti. Alhajin da ke maƙwabtaka da mu ya ce, "Malam, sanyi ne ya shige ka. Ka sa bulo a wuta ya yi zafi, ka yayyafa ruwa, ka ɗora dunduniyar. Haka mahaifina ya yi." Wani ya sassauta murya ya ce in binciki inda nake takawa a makaranta, duniya ba gaskiya. Na uku ya ce mataccen jini ne, wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho, shi ke nan.

Na yi wa kowa godiya, don ba wanda ya faɗa da mugun nufi. Ɗumi na sanyaya rai, ni ma nakan tsoma ƙafa a ruwan ɗumi in ji daɗi. Amma bulo mai zafi ƙuna yake bari, tsaga kuma a tafin ƙafa, wurin da ke shan ƙura da ruwan kwata, neman wani ciwon ne kan wanda ake da shi. Jini bai taru a wurin ba, balle a zuƙe shi.

Hunturu ma na rikita lissafi. Rabin majalisar faso ke damunsu, dunduniya ta bushe ta dare, shi ma yana hana taku. Amma faso a fata yake, ana ganinsa, man kaɗanya ko basilin da safa da dare na maganinsa. Nawa a ciki yake, fatar lafiya lau.

Juma'a, 10 ga Janairu

A sallar Juma'a na lura da abin da ban taɓa kula da shi ba. In na yi sujada, yatsun ƙafa suka tanƙware suna fuskantar alƙibla, jijiyar nan na miƙewa daidai yadda take yi a hannun likita. Haka ma a zaman tahiya, in na kafa ƙafar dama. Tun 1954 wani likita a Ingila, J. H. Hicks, ya bayyana wannan: jijiyar ta zagaye gindin yatsu, don haka in babban yatsa ya ɗaga, sai ta naɗu, kwarin tafin ƙafa ya ƙara zurfi, ƙafar ta yi tauri yadda za ta iya tura mutum gaba. Duk taku haka ke faruwa, mu ba mu sani ba.

Wahalar Juma'a ba sallar ba ce, zaman huɗuba ne. An daɗe a tanƙwashe, ana tayar da iƙama sai ka miƙe kan ƙafar da ta yi sanyi. Yau da liman ya shiga huɗuba ta biyu na zura hannu ƙarƙashin babbar riga na ja yatsun a hankali. Na tashi sahu ba tare da na kama kafaɗar na kusa da ni ba. Fitowa ce ta ba ni kashi, tafiya ba takalmi kan simintin harabar har bakin ƙofa.

Asabar, 11 ga Janairu

Kasuwar Ƙofar Wambai, layin 'yan gwanjo, neman takalmi. Likita ta ba ni gwaji uku. A lanƙwasa takalmi: ya lanƙwasu a wajen yatsu kawai, ba a tsakiya ba. A murɗa shi: ya yi gardama. A matsa bayansa inda ke rungumar dunduniya: ya kasance da tauri. Sannan dunduniyar ta ɗan fi gaban tudu, da laushi a ciki.

Na tsuguna gaban tulin kambas ina lanƙwasawa ina ajiyewa. Yaron shagon ya gaji da kallona.

"Alhaji, saya za ka yi ko karyawa? Wannan fa fes yake, ko sau uku ba a sa ba."

"Juya mini ƙasansa."

Gefe ɗaya na dunduniyar ya zaizaye. Mai shi na farko ya riga ya koya masa irin tafiyarsa, ni kuma ba na son gadon karkatar wani. Na ajiye. Can ƙasan tulin na samu wani baƙi mai kauri, ƙasansa daidai, ya ci gwajin duka. Muka yi ciniki, ya ce albarka, na yi kamar zan tafi, ya kira ni. Na biya ta wani kantin magani na sayi 'yar matashiyar roba mai laushi da ake sawa a ƙarƙashin dunduniya, guda biyu, don likita ta ce a sa a ƙafa biyun kada tafiya ta karkace. Na kuma sayi silifas mai kaurin ƙasa na zaman gida.

Lahadi, 12 ga Janairu

Dokar gida ta canza: ba taka tayil ko siminti da ƙafa tsirara, ko daga gado zuwa banɗaki ne. Silifas na kwana a bakin gado.

Da la'asar na aiki yaro gidan da ke sayar da ƙanƙara ya karɓo gorar ruwa daskararriya. Na sa safa, na ɗora tafin ƙafa a kai ina mirginawa daga dunduniya zuwa yatsu, minti 10 zuwa 15. Cikin wannan sanyi yara suka kewaye ni suna dariya. Zogin yamma ya kwanta. Ba warkarwa take yi ba, lallashi ne, amma mai ciwo ba ya raina lallashi.

Talata, 14 ga Janairu

Jiya kambas ya shiga makaranta ƙarƙashin kaftani. Wani abokin aiki ya ce, "Malam ya koma ɗan ƙwallo." Na tashi aiki da sauran ƙarfi a ƙafa, ban damu ba.

Yau ranar fisiyo. Ta ce in auna ciwon takun farko daga sifili zuwa 10. Na ce da na zo 7 ne, yanzu 6. Ta kwantar da ni ta tura tafin ƙafar sama, ta ce sha-raɓata a ɗaure take, idon sawun ba ya lanƙwasuwa yadda ya kamata, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon, tare da ƙiba da doguwar tsayuwa. Sha-raɓa na jan agara, agara na jan ƙashin dunduniya, jijiyar tafi ta biya bashin. Ta ƙara mini miƙar bango: hannu biyu a bango, ƙafar ciwo a baya, dunduniya a ƙasa, gwiwa a miƙe, a jingina gaba daƙiƙa 30, a sake da gwiwa a ɗan lanƙwashe.

Sai babban aikin. Ta kai ni bakin matakala, ta naɗe tawul ta sa ƙarƙashin yatsuna yadda suka ɗaga, dunduniya na lilo a iska. A ɗaga jiki cikin daƙiƙa 3, a tsaya 2 a sama, a sauko cikin 3 har dunduniya ta wuce bakin matakalar. Sau 12, a huta, zagaye uku. Yau a yi, gobe a huta. Ni da ƙafa biyu zan fara, in na yi ƙarfi in koma ɗaya, daga nan in goya jaka da littattafai.

"Likita, wurin da ke ciwo kuma za a ɗora wa nauyi?"

"Da awo, Malam. Hutu kaɗai ba ya ƙarfafa jijiya. Ka kwanta wata guda, ranar da ka tashi tana nan yadda ka bar ta, ko ma ta fi rauni."

Ta ce daga Denmak tsarin ya fito. Michael Rathleff da abokansa suka gwada shi kan mutum 48, aka buga sakamakon a 2015. Bayan wata 3 masu ɗaga dunduniya sun fi masu miƙa kawai samun sauƙi. A wata 6 da wata 12 kuwa duka sun yi kunnen doki. Wato yana gaggauta sauƙi ne, ba mu'ujiza ba ce. Na ji daɗin yadda ta faɗi rabin na biyu, ba ta ɓoye ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Sha-raɓata duka biyu na tsami, saukowa daga matakala sai a hankali. Dunduniyar kuwa ba ta ƙaru ba, kuma shi ne ma'aunin da aka ba ni: ɗan ciwo lokacin motsa jiki ba laifi, muddin washegari bai fi na jiya ba.

A aji na sa an kawo mini doguwar kujera gaban allo. In zan yi zane in tsaya, in ana karatu ko tambayoyi in zauna. Da muka zo darasin ƙashi da tsoka a aji biyar, na sa kowa ya cire takalmi ɗaya ya ja babban yatsansa ya taɓa tafin. Aji ya kaure da "Laa, Malam, ga ta!" Ban taɓa koyar da wannan babi aka saurare ni haka ba.

Asabar, 18 ga Janairu

An yi rasuwa a layinmu, wani dattijo, Allah Ya jiƙansa. Bayan an sallace shi muka raka shi maƙabarta a ƙafa, tafiya mai nisa kan burji, ga tsayuwa har aka gama rufewa, ga zaman makoki har magariba. Haƙƙin maƙwabci ne, ba abin da za a ce a bari. Da dare dunduniyar ta ɗauki zafi tana bugawa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Takun farko ya koma 8. Bango ya sake amfani. Raina ya ɓaci ƙwarai, don sai na ji duk abin da aka tara ya zube.

Na je wani kemis neman farasitamol. Mai shagon ya ga tafiyata.

"Malam, in haɗa maka? Akwai haɗin da nake ba masu dako da 'yan acaba, yau ka sha gobe ka yi gudu."

Ya zazzago ƙwayoyi kala-kala a 'yar leda, ba kwali, ba suna. Na tambayi me da me ke ciki. Ya ce na ciwon jiki ne da na sanyin ƙashi. Irin wannan haɗi sau da yawa dikulofenak ne da ibufurofen a tare, wani lokaci har da sitiroyid. Biyun farko dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai haɗarin gyambon ciki da taɓa ƙoda, musamman ga mai hawan jini. Na ukun kuma yana tayar da suga. Na ce ya ba ni farasitamol ɗina a kwalinsa.

Da dare Yaya ta kira daga Zariya, uwargida ta kai mata labari.

"Kai ma abin ya same ka? Ni da aka yi mini hoto ƙaya aka gani a ƙashin, ta fito tsini. Allura aka yi mini a wurin, washegari na je biki. Ka je a yi maka, ka daina wahalar da kanka da tawul."

"Yanzu fa, Yaya?"

Ta yi shiru kaɗan. "To, ya ɗan dawo."

Talata, 21 ga Janairu

Na kwashe komai na faɗa wa likita, har da maganar Yaya. Ba ta yi mamakin tashin ciwon ba. Ta ce haka jinyar take, gaba uku baya ɗaya; a duba mako da mako, kada a duba rana da rana. Ta sa na dakata da matakala har ya lafa, ta naɗe mini tafin da filasta mai ƙarfi daga gindin yatsu zuwa dunduniya. Ina sauka daga gadon na ji bambanci. Ta ce na 'yan kwanaki ne, don ranakun doguwar tsayuwa.

Kan ƙayar Yaya ta ce tsiron ƙashi ne da ake gani a hoton mutane da yawa waɗanda ba su taɓa ciwon dunduniya ba, wasu kuma na ciwon babu tsiron. Ba shi ke sukar mutum ba, kuma ana warkewa yana nan zaune.

Kan allura ta ce tana da wurinta. Sitiroyid ce, tana kwantar da ciwo kamar na wata guda, bayan nan bambancin kan ɓace. In aka yawaita ta, tana iya tsinka jijiyar, ko ta narkar da kitsen da Allah Ya shimfiɗa ƙarƙashin ƙashin dunduniya, shi kuwa in ya tafi ba ya dawowa. Ta ƙara da cewa a 2003 Harvey Lemont da abokansa a Amurka sun duba naman jijiyar mutum 50 da aka yi wa tiyata, suka tarar da lalacewa da zaizayewa, ba kumburi ba. Shi ya sa maganin kumburi kaɗai ba ya kaiwa ga tushen ciwon da ya daɗe.

Na tambayi abin da ke gaba in wannan bai yi ba. Ta ce akwai takalmin barci da ke riƙe ƙafa a miƙe har safe, akwai na'urar da ke bugun wurin da igiyar sauti mai ƙarfi, sannan allura. Tiyata ce ta ƙarshe, ga 'yan kaɗan, bayan an shafe wata 6 zuwa 12 ana bin sauran hanyoyin. In ta kai ga haka, ga Asibitin Ƙashi na Dala nan cikin gari.

Juma'a, 24 ga Janairu

Ya sauko 5. Na koma matakala.

Maganar tumbi ta zo gida. Uwargida ta rage mini malmalar tuwon dare, ta ƙara ganye, lemon kwalba ya bar firji, shayin majalisa ya koma rabin suga. Tafiyar motsa jiki ba ta yiwuwa yanzu, don haka na karɓi keken babban ɗana ina zagayawa bayan la'asar. Keke ba ya dukan dunduniya.

Laraba, 29 ga Janairu

Tun da aka san halin da nake ciki, masu irinsa ke fitowa. Mai shayinmu, wanda ke tsaye daga magariba har tsakar dare da silifas ɗin wanka. Wata malama da ciwon ya kama bayan haihuwa. Mai gadin makaranta. Wani ɗan sanda a masallacinmu. Duk labari ɗaya: takun farko, tashi daga zama, ƙasa mai tauri, takalmi shafal. Kowa ya sha man zafi da ƙwaya, ba wanda aka taɓa nuna wa jan yatsu. A kan bencin shayi na cire kambas na nuna wa mai shayi, ya gwada yana dariya, ya ce, "Malam, wallahi har cikin raina na ji ta."

Na leƙa gidan Hajiya da yamma. Ta ce ita ma ƙafafunta na damunta, in koya mata. Na tambaye ta yadda take ji. Ta ce zafi ne irin na barkono a duka biyun, ya fi da dare, wani lokaci silifas kan fita ba ta sani ba. Hajiya na da suga shekara da shekaru. Wannan ba irin nawa ba ne, alamar taɓuwar jijiyoyin ji ce. Ƙafar da ba ta ji sosai ba a sa mata ƙanƙara, ba a kusantar da ita ga garwashi ko ruwan zafi, don za ta ƙone mai ita bai sani ba. Na duba tsakanin yatsunta da ƙasan tafin, ba rauni, alhamdulillahi. Na ce jibi zan kai ta asibiti.

"Kai da ke ɗingishi?"

"Adaidaita za mu hau, Hajiya."

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau na ɗaga da ƙafa ɗaya. Ban kai 12 ba, ƙafar na rawa, na ƙarasa da biyu. An yi ɗaurin aure a unguwa. Na je da filasta da kambas, na nemi kujera, ana shafa fatiha na yi sallama. Da dare shiru.

Talata, 4 ga Fabrairu

Takun farko 3 ne yau, wani lokaci 4. Likita ta auna idon sawun ta ce ya ƙara sakewa. Ta ce in ci gaba da komai aƙalla wata 3, ko da ciwon ya ɓace, don yawancin masu dawowa wurinta waɗanda suka ji sauƙi ne suka koma tsohon takalmi suka watsar da motsa jiki. Mako mai zuwa jakar littattafai za ta hau baya. Ba sai na riƙa zuwa kowane mako ba.

Na kawo mata maganar azumi, saura ƙasa da wata, ga tarawihi ga tahajjud. Ta ce in ja yatsu kafin a tayar da salla, in nemi wuri mai kafet ko in ninka darduma, in ƙafar ta gaza kuma in zauna. Malamai ma sun sauƙaƙa wannan, nafila a zaune ta halatta.

Ban warke ba tukuna, amma na san abin da ya sauko da ni daga 7 zuwa 3, kuma babu allura ko haɗi a ciki: jan yatsu kafin taku, takalmi mai tauri da laushin ciki, ɗaga dunduniya yau a huta gobe, rage tsayuwa, rage tuwo.

Mai karatu, in dunduniyarka na sukarka a takun farko da safe ta lafa in ka ɗan yi tafiya, ka je a duba ka, ka nemi sashen fisiyo, ka ba jinyar watanni. In kuwa kana da suga, ko ƙafar na mutuwa, ko ta kumbura ta yi ja, ko ciwon na hana ka barci, ko ya biyo bayan faɗuwa har ba ka iya takawa, kada ka tsaya gwada tawul da ƙanƙara, ka tafi asibiti a ranar. Allah Ya ƙara mana lafiya.